Ko Ana Iya Rage wa Ɗan Adam Daraja?

Ana rage wa kuɗi daraja, ana rage wa kaya inganci, ana kuma ƙasƙantar da mutum. Turanci yakan haɗa waɗannan da kalma guda: debase, wadda ake faɗa idan an gauraya azurfar tsaba da tagulla, ita ake faɗa idan mutum ya zubar da girmansa. Abin da masana falsafa da malaman addini suka daɗe suna tattaunawa shi ne ko aikin ma ɗaya ne, wato ko wani na iya rage mutuncin ɗan Adam yadda ake rage azurfa.

Sha'anin kuɗi ya fi sauƙin ganewa. A 1544 Sarkin Ingila Henry na Takwas, da yaƙe-yaƙe suka cinye masa baitulmali, ya sa aka fara rage azurfar da ke cikin tsabar ƙasar. A da kashi 92.5 cikin ɗari na tsabar azurfa ce. A 1551, a zamanin ɗansa Edward, ta koma kashi 25. Hoton sarki na nan, sunan kuɗin bai sauya ba, amma da tsabar ta ɗan sha hannu sai farin ya goge a kan hancin Sarki Henry, jan tagulla ya leƙo. Mutane suka ɓoye tsohuwar tsaba, farashi ya hau, sai Sarauniya Elizabeth ce ta gyara lamarin daga 1560. A nan an cire wani abu daga ciki, an bar tambarin waje yana ba da shaidar zur.

Algus ma haka yake, ko ruwa a madara ko tsakuwa a hatsi. Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi kan me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Jiƙewar ba laifinsa ba ce, ruwan sama ne; ɓoyewar ce ha'inci. Imam Gazali kuwa ya ga jabun kuɗi ya fi sata muni, domin sata sau ɗaya ce, shi ko jabu yana ta yawo hannu zuwa hannu, alhakin yana bin wanda ya fara sakinsa.

Da an zo kan mutum sai lissafin ya juye. Ranar 5 ga Janairu 1895, a filin makarantar soja ta Paris, aka tsayar da Kyaftin Alfred Dreyfus, Bayahuden da aka yi wa ƙagen sayar da asirin Faransa ga Jamus. A gaban sojoji da 'yan kallo aka tsittsinke alamun muƙaminsa da maɓallan kakinsa, aka karya takobinsa gida biyu. A 1906 kotu ta wanke shi. Wannan karon tambarin aka kankare, na cikin kuwa bai ragu da komai ba. Muƙami na wanda ya naɗa ne, yana iya tuɓewa. Gaskiyar mutumin ba a hannunsa take ba.

A kan irin wannan bambanci ne masanin falsafa Immanuel Kant ya gina ra'ayinsa tun a 1785. A wurinsa abin da ake iya musanyawa da kwatankwacinsa farashi gare shi, wanda ba shi da madadi kuwa shi ke da mutunci, kuma ɗan Adam na cikin kashi na biyu. Aya ta 70 a Suratul Isra'i ta danganta karramawar ga 'ya'yan Adam baki ɗaya, ba ta ware sarki daga bawa ba. Tsarin mulkin Jamus na 1949 ma da haramta taɓa mutuncin ɗan Adam ya buɗe.

Sai dai akwai ƙulli. In mutunci ba ya raguwa, mene ne asarar wanda aka wulaƙanta, har sashe na 34 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya haramta ƙasƙantar da mutum? Amsar da ta fi ƙarfi ita ce a raba abu biyu. Akwai karamar da mutum ya zo da ita duniya, wadda ba ta taɓuwa. Akwai kuma mutuncin da yake zaune da shi cikin jama'a, wanda da shi ake karɓar shaidarsa, a ba shi aure, a ba shi bashi. Wannan yana ciwuwa, shi ya sa ake cewa an ci mutuncin wane, shi ya sa kuma shari'ar Musulunci ta yanke wa mai ƙazafi bulala 80. Mai wulaƙanci ƙarya yake shelantawa a kan ɗan'uwansa, ƙaryar kuma tana da illa ko ba ta zama gaskiya ba.

Saura wanda ya ƙasƙantar da kansa. Kant, a littafinsa na 1797, ya ɗauki maƙaryaci a matsayin mai watsar da mutuncinsa da hannunsa, abin da ke da wuyar daidaitawa da maganarsa ta farko. Malaman fiƙihu sun fi shi sassauci: fasiƙanci na kayar da adalcin mutum har a ƙi shaidarsa, tuba na iya maido da shi, jininsa da dukiyarsa kuwa suna nan da alfarmarsu kafin tuban da bayansa.