Nasiha ga Muridai a kan Hidimar Mahaifi Mai Ciwon Makyarkyata

 

Ya 'yan'uwa muridai na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, kun tambaye ni hukuncin muridin da mahaifinai yak kamu da ciwon makyarkyata tun bai tsufa ba, har jinya ta hana shi zuwa zawiya. To, ku saurara, Allah shi ba mu dacewa.

Fasali a kan sanin ciwon. Ku sani wanga ciwo ba sammu ba ne, ba bugun iska ba ne, kuma ba a ɗaukar shi ga cin tuwo ƙwarya ɗaya. Wani likitan Ingila, Jems Fakinson, shi yab bayyana shi a shekarar 1817, don haka likitoci ke kiran shi da sunanai. Asalinai, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu yin wani ruwa da ke tafiyar da motsin jiki, dofamin, su ke mutuwa sannu-sannu. Sai hannu shi riƙa rawa ko mutum na zaune, gaɓɓai su ƙage, taki shi gajarta, murya ta yi ƙasa, fuska ta daskare. Kada ku ce fushi yake da ku, ciwon ne. Galibi tsofaffi yake kamawa, amma yakan faɗa wa wanda bai kai shekara 50 ba, mai ƙananan ɗiya da gona a wuyanai. Muhammadu Ali, ɗan damben Amurka, an gane ciwon gare shi a 1984 yana da shekara 42, ya rayu da shi har 2016. Ke nan tafiya ce mai nisa, sai da guzuri.

Fasali a kan magani. Neman magani bai warware tawakkali. Ku kai shi asibitin tarayya na Gusau, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Akwai ƙwaya, lebodofa, ba ta warkarwa amma tana sassauta jiki. Ku tsare lokacinta kamar yadda kuke tsare lokacin salla, kuma kada a tsai da ita farat ɗaya, akwai hatsari. Tun da hanyoyinmu ba kullum suke biyuwa ba, ku nemo wata tun ta hannu ba ta ƙare ba. Addu'a da tofi su tafi tare da ita.

Fasali a kan ibadarsa. In ya kasa tsayuwa shi jingina, in ya kasa shi zauna, in ya kasa shi kwanta shi yi nuni. In buta ba ta riƙuwa gare shi, ɗanai shi zuba mashi ruwa, niyya dai tashi ce. In carbi na kuɓuce mashi, ka zauna kusa ka ja mashi ƙidaya. Malaman ɗariƙa sun ba maras lafiya zaɓi ga lazimi in ya yi mashi nauyi, kada ku ƙuntata abin da sunka yalwata.

Fasali a kan hidima, shi ne zuciyar magana. Ya kai muridi, biyayya ga iyaye na cikin sharuɗɗan da kad ɗauka ranar da anka ba ka wuridi. Uwaisul Ƙarni ya zauna Yamal yana hidimar mahaifiyarsa, bai sadu da Annabi ba, amma Annabi ya yabe shi ga sahabbai. Saboda haka wanda yaz zauna gida yana ba mahaifinai fura, yana goge mashi yawu ba da ƙyama ba, ba shi da laifin rashin zuwa zawiya, shi yi wazifarsa nan gefen gado. Jinyar ita ce halwarsa, can ne ake yanka son rai.

Kada ku riga shi ƙarasa magana, kada ku ɓoye shi ƙuryar ɗaki don kunyar mutane. Ku fito da shi zaure, shi taka, shi sha hantsi, ku ci gaba da neman shawararsa, don har yanzu shi ne maigida. Ku raba kwanakin jinya, kada a bar uwargida ita kaɗai, hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka. Ƙananan ɗiyanai kada a fisshe su makaranta. Ku kuma 'yan zawiya, ku yi gayya ku nome mashi gona, ku je gidanai ku yi zikirin Juma'a shi ji da kunnenai.

Allah shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, shi ba masu jinya haƙuri, shi cika mu da imani.