Taswirar da Ke Cikin Kan Ɓera

 

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, ka sani ɓera ba shi da mai yabonsa. Shi ne mai huda buhu, mai ɓarna a rumbu. Ko a hadisi an kira shi fuwaisiƙa, don yakan ja lagwanin fitila ya ƙone gida. Amma ƙasƙancin bawa a idon mutane ba ya hana a ga aikin Ubangijinsa a jikinsa.

Ɓera ɗan dare ne, idonsa kuma ba shi da kaifi. Sandar jagorarsa ita ce gashin bakinsa, sahu biyar a kowane kunci, waɗanda masana suka yi wa lamba daga A zuwa E. Idan yana lalube, yakan kaɗa su gaba da baya sau kusan takwas a daƙiƙa ɗaya. Shi gashin kansa ba ya jin komai, kamar dai farce. Jin yana can a saiwa, inda zaren jijiya fiye da ɗari ke kewaye da kowane babban gashi. Da gashin ya taɓa bango ya lanƙwasa, sai saiwa ta kai rahoto. Tun a 1912 wata masaniya Ba'amurkiya, Stella Vincent, ta nuna cewa ɓeran da aka aske wa gashin baki yakan yi ta tuntuɓe a hanyar da ɗan'uwansa ke bi cikin sauƙi.

Saƙon nan zango uku yake yi, kamar fatake. Ya sauka a tushen ƙwaƙwalwa, ya haye zuwa ɗaya ɓangaren ya sauka a wurin da ake kira talamus, sannan ya isa ɓawon ƙwaƙwalwa. Saboda haka labarin kuncin hagu a dama ake karanta shi.

A zangon ƙarshen nan ne abin mamakin yake. A 1970, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Thomas Woolsey da Hendrik Van der Loos suka yanka ɓawon ƙwaƙwalwar ƙaramin ɓera a kwance, suka duba shimfiɗarsa ta huɗu a madubin ƙara girma. Sai ga ƙwayoyin jijiya sun taru dunƙule-dunƙule, kowane dunƙule da bangonsa, kamar rumbunan ƙauye in ka hango su daga kan tsauni. Suka kira su ganguna. Da suka ƙirga, sai suka tarar sahu biyar ne, jerinsu daidai da jerin gashin da ke kunci: kowane gashi da gangarsa. Daga baya aka ga haka a babban ɓera, aka kuma ga irin wannan jeri a sauran zanguna biyun. Subhanallah! Mai bincike na iya taɓa gashi guda, tun kafin ya duba ya san gangar da za ta fara amsawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rabon fili. Waɗannan 'yan gasu sun ci wani babban yanki na wurin jin taɓi, alhali gadon baya duk faɗinsa ɗan kaɗan ya samu. Mu ma haka muke: likitan ƙwaƙwalwa Wilder Penfield ya nuna a 1937, a Kanada, cewa yatsu da leɓɓa su ne masu kaso mafi tsoka a ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Ba a raba fili da girman gaɓa, da bukatar mai ita aka raba.

Kuma ba a gama zana wannan taswira ta ganguna tun a cikin mahaifa ba. A 1973 Woolsey da Van der Loos suka lalata saiwar sahu ɗaya a jariran ɓeraye ranar haihuwa. Da suka girma aka duba, gangunan wannan sahu ba su fito ba, sai ɗan siririn layi, maƙwabtansu kuwa sun faɗaɗa sun shiga filin, kamar gonar da ba ta da mai noma. In kuwa aka bari mako guda ya wuce kafin a taɓa saiwar, bango ya riga ya bushe, gangunan na nan a jere, ko da babu gashin da zai aiko musu da saƙo.