Tsakanin Ƙin Ci da Ƙyama

Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura. Mun daɗe muna koya wa ɗalibai wannan karin magana a aji, amma ba mu taɓa tambayar kanmu iyakarta ba sai ranar da yunwa ta shigar da mu wani ɗan gidan abinci a birnin Gwanzu na kudancin ƙasar Sin, wanda a da aka fi sani da Kanton. Mun raka wani ɗan'uwanmu ɗan kasuwa ne a lokacin hutu, domin tun 1957 ake cin babbar kasuwar baje koli a garin sau biyu a shekara.

Wurin bai fi shago biyu na Kantin Kwari girma ba. A bakin ƙofa an rataye gasassun agwagi da naman alade a bayan gilashi. Da yake wuri ya cika, sai aka zaunar da mu tebur ɗaya da wani dattijo da ba mu sani ba, kamar yadda suka saba. Nan take ɗaya daga cikin abokan tafiyarmu ya toshe hanci, ya ce wallahi mutanen nan ƙazamai ne. Dattijon bai ji Hausa ba, amma yatsina fuska ba ta bukatar tafinta. Duk da haka ya ɗauki butar shayi ya cika mana kofunanmu kafin ya zuba wa kansa.

To, mai karatu, ga tambayar: shin mutum zai iya ƙin cin abincin wasu ba tare da ya raina su ba?

Mu a ganinmu ƙin ci daban, ƙyama daban. Wanda ya bar alade saboda addini ya hana shi, kansa ya yi wa iyaka, kuma ba ya bin kowa bashin haƙuri a kan haka. Shi kuwa mai ƙyama ya tsallake abincin ya yanke wa mai cinsa hukunci. Alal misali, mu ma muna soya fara mu barbaɗa mata yaji, alhali akwai al'ummomin da ko kallonta ba sa iya yi. Da wani baƙo zai tofar da yawu a gaban farantinmu, ai ba za mu kira shi mai tsoron Allah ba, marar tarbiyya za mu ce. Bugu da ƙari, a cikin garin nan akwai masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a ƙasar Sin, wanda al'adar mutanen wurin ke danganta ginin sa da Sa'ad bin Abi Waƙƙas. Ke nan Musulmi sun yi ɗaruruwan shekaru suna maƙwabtaka da masu wannan girki, ba su ci ba, ba su kuma tashi ba.

A ranar mun rabu biyu. Wasunmu sun ci turararren kifi mai citta da albasa da farar shinkafa, wasu kuma suka ce ba su amince da tukunyar ba, suka tsaya ga shayi kawai. Kowane ɓangare yana da hujja, ba mu ga laifin kowa ba. Abin da muka ga laifinsa shi ne toshe hancin.

Mun kuma lura cewa in an zuba wa mutum shayi, sai ya ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiyarsu ke nan. Ana ba da labarin cewa Sarki Ciyanlung, wanda ya yi mulki daga 1735 zuwa 1796, ya taɓa ɓad da kama ya zuba wa baransa shayi, baran kuwa ba shi da damar faɗuwa gaisuwa kada asiri ya tonu, sai ya lanƙwasa yatsunsa suka yi gaisuwar a madadinsa. Da dattijon ya sake zuba mana, muka ƙwanƙwasa teburin, ya dube mu ya yi murmushi.

Saboda haka ba kowace wutsiya ake ɗaurawa ba. Wadda ta taɓa imani a bar wa masu ita, wadda kuwa ta ladabi ce, kamar ta yatsu biyu, ɗaura ta ba ya rage wa mutum komai. Abin da ya kamata mu malamai da iyaye mu koya wa yara shi ne su san yadda ake cewa a'a da sakin fuska. Allah ya sa mu dace, amin.