Wanda Ya Haƙa Rijiya: Me Lissafin Ambato Ke Aunawa?

A watan Oktoban 2008 aka sanar da cewa lambar yabo ta Nobel a kimiyyar sinadarai ta faɗa hannun mutum uku: Osamu Shimomura da Martin Chalfie da Roger Tsien. Abin da ya jawo musu ita wani furotin ne mai fitar da koren haske, wanda ake kira GFP, da ake samu a jikin wata lallausar halittar teku mai siffar lema. A daidai lokacin da ake wannan sanarwa, Douglas Prasher, mutumin da ya fara ciro ƙwayar gadon furotin ɗin, yana tuƙa motar ɗaukar abokan ciniki a wani kamfanin sayar da motoci a garin Huntsville na jihar Alabama a Amurka.

Kafin mu yanke hukunci, mu san abin da ya yi. Shimomura ne ya gano furotin ɗin tun 1962. Prasher, wanda ke aiki a cibiyar binciken teku ta Woods Hole, shi ya hango cewa idan aka samu ƙwayar gadon da ke ƙera shi aka liƙa ta ga wata ƙwayar gado, mai bincike zai iya bin sawun kowane furotin a cikin ƙwayar halitta tana raye, kamar an rataya masa fitila. A 1988 ya samu tallafin dala 200,000 daga ƙungiyar yaƙi da cutar daji ta Amurka. A 1992 ya wallafa sakamakonsa a mujallar Gene. Kuɗin ya ƙare, neman wani tallafin bai yi nasara ba. Da Chalfie da Tsien suka nemi ƙwayar gadon, sai ya aika musu. A 1994 Chalfie ya nuna a mujallar Science cewa tana haskakawa a cikin bakteriya da wata ƙaramar tsutsa, kuma sunan Prasher na cikin marubutan maƙalar. Daga nan GFP ya bazu a ɗakunan gwaje-gwajen duniya, shi kuwa ya bar fagen, ya yi aikin gwamnati da na kwantiragi, har aikin ya yanke masa a 2006.

Bahaushe zai ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai a nan babu gardi. Chalfie da Tsien ba su saci komai ba. Sun roƙa, an ba su, sun yi aiki tuƙuru, sun kuma ambaci mai kyautar. Ƙa'idar Nobel ba ta yarda a raba lamba ɗaya tsakanin fiye da mutum uku ba. Kowa ya bi doka, amma duk da haka zuciya ba ta kwanta ba. Wannan rashin kwanciyar shi ne abin da ya kamata mu bincika.

A duniyar bincike, ambato shi ne yadda ake biyan bashi. Wanda ya ɗora aikinsa a kan na wani yakan rubuta sunansa a ƙarshen maƙala, alamar cewa daga nan ya ɗebo. Asalinsa godiya ce da riƙon amana. Amma daga 1964, lokacin da Eugene Garfield ya fitar da kundin da ke tattara wa ya ambaci wa, godiyar ta zama abin ƙirgawa. A 2005 Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin da ake kira h: wanda ke da 20 yana nufin yana da maƙaloli 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Yau da irin waɗannan alƙaluma ake duba mai neman aiki ko tallafi, kuma malamanmu na jami'o'i sun san yadda ƙarin girma ke rataye da yawan abin da mutum ya wallafa.

Labarin Prasher ya tona aibin wannan ma'auni ta fuska uku. Na farko, lissafi baya yake kallo. A 1992, ranar da yake buƙatar a yarda da shi, maƙalarsa ba ta tara komai ba. Dubban ambaton da ta samu sun zo ne bayan ya riga ya tattara kayansa. Na biyu, a ma'aunin h, maƙala ɗaya da ta sauya fanni dungurungum maki ɗaya kacal take ƙarawa, daidai da wadda da ƙyar ta haye iyaka. Na uku, kuma mafi nauyi, babu gurbin da ake rubuta kyauta. Aika ƙwayar gadon nan ga wasu shi ne aikin da ya fi amfanar kimiyya a duk abin da ya yi, amma ba ya fitowa a kowane jadawali.

Ko inda lissafin ya cika ma, abin da yake faɗa ba shi ne muke zato ba. A 2014 mujallar Nature ta jera maƙaloli 100 da aka fi ambata a tarihi. Ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry da abokansa ta 1951, kan hanyar auna yawan furotin, da ambato sama da 300,000. Maƙalar Watson da Crick ta 1953 kan siffar DNA ba ta shiga jerin ba. Dalili a fili yake: abin da kowa ya sani ba a ƙara jingina shi ga mai shi. Babu wanda ke tambayar sunan mahaƙin rijiyar da duk unguwa ke sha. Ashe ambato yana nuna yawan amfani da abu a wani zamani ne, bai kai ya auna darajarsa ba.

To, mu watsar da ƙirga ke nan? A'a, don masu kare ta suna da hujja. Inda babu alƙaluma, sanayya ce ke cike gurbi: ɗan wane, ɗalibin wane, daga wace jami'a. Mai bincike da ba shi da uwa a gindin murhu sau da yawa adadi ne kaɗai mai yi masa shaida. Laifin yana farawa ne ranar da alƙalin ya daina karanta aikin, ya miƙa hukunci ga jadawali don ya huta. A nan adadi ya tashi daga shaida ya zama mafaka, kuma kowa zai iya cewa ba ni na ƙi shi ba, maki ne bai kai ba.

Akwai kuma tarbiyyar da irin wannan tsari ke yi. Matashin da ya ga makomar Prasher zai iya koyon cewa dabara ita ce a ɓoye abin da aka gano har sai an tatse shi, a haɗa kai kawai da wanda sunansa zai jawo ambato, a yanka bincike ɗaya gida uku. Da Prasher ya yi haka, da fitilar ta jima a aljihun tebur. Kimiyya tana rayuwa ne da halin da ma'auninta ba ya saka wa mai shi.

Abin da Chalfie da Tsien suka yi daga baya ya nuna cewa su ma sun san sa suna a ƙarshen maƙala bai sauke nauyin ba. Sun biya wa Prasher da matarsa kuɗin zuwa bikin a Stockholm, sun gode masa a jawabansu. Chalfie ya fito fili ya ce ana iya ba Prasher lambar a cire shi. A 2012 Prasher ya koma bincike a ɗakin gwaje-gwajen Tsien a San Diego. Alheri ya dawo, amma bayan shekara ashirin, kuma mutane ne suka dawo da shi da hannunsu. Tsarin bai motsa ba.

Muna son cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Gaskiyar wannan magana ta dogara ne ga waɗanda ke tsaye a wurin. Duk wanda aka ɗora wa duba takardun wani mai bincike, ko ya ci gajiyar abin da wani ya ba shi, yana da tambayar da babu kwamfutar da za ta amsa masa: me wannan mutum ya bayar wanda ba a ƙirga ba, kuma yaya yake yau?