Jirgi Ɗaya Ya Kwaso Mu

Kafin jirgin sama ya yawaita, duk wanda za shi Ingila daga ƙasarmu sai ya bi ta teku. Mutumin Zariya ya kan hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, sa'an nan ya shiga jirgin ruwa a Apapa. Kamfanin Elder Dempster yana da manyan jiragen fasinja uku, Accra da Apapa da Aureol. Aureol ya fara aiki a 1951, ya daina a 1974. Ya kan tsaya a Saliyo da Las Palmas, ya kai Libaful cikin kamar mako biyu.

Zaman cikin jirgin nan kamar na gari guda ne bisa ruwa. Da safe a ci abinci, da rana a ci, da la'asar a sha shayi, da dare a yi ado a koma tebur. Tsakanin haka waɗansu suna iyo a tafkin da aka gina a ciki, waɗansu suna wasan jefa zoben igiya, waɗansu suna karatu ko kallon silima. Ran Lahadi a taru a yi sujada. Amma garin nan yana da unguwanni. Masu tikitin daraja ta ɗaya suna da ɗakuna masu iska da wurin cin abinci nasu. Na biye da su suna da iyakar da ba su ƙetarewa. Can ƙasa kuwa, cikin zafi da ƙarar inji, akwai masu wanki da masu dafuwa da masu zuba wa inji mai. Fasinja ya kan gama tafiyarsa bai taɓa ganin fuskarsu ba.

To, ga tambaya. Laifi ne a bambanta mutane haka? Wani zai ce, wanda ya biya da yawa ai ya cancanci gado mai laushi. Gaskiyarsa. Zai ƙara da cewa jirgin da ba shi da kyaftin ba ya kai gaci. Wannan ma haka ne, gama Allah ba ya son hargitsi. Bambancin aiki da na masauki ba zunubi ba ne. Zunubi yana shigowa sa'ad da muka fara auna ran mutum da kuɗin tikitinsa.

Ku dubi abin da ya faru da Titanic, wanda ya tashi daga Ingila za shi Amurka a 1912. Mutane wajen 2,200 ne a ciki, ƙananan jiragen ceto kuwa 20 kaɗai, ba su isa kowa ba. Da ya bugi dutsen ƙanƙara ya nutse ran 15 ga Afrilu, fiye da mutum 1,500 suka hallaka. A cikin masu daraja ta ɗaya, kamar 3 cikin 5 suka tsira. A cikin masu daraja ta uku, waɗanda ɗakunansu ke can ƙasa nesa da jiragen ceto, kamar 1 cikin 4. Injiniyoyin jirgin suka tsaya bakin aikinsu domin fitilu kada su mutu, mutane su ga hanya. Ko ɗaya daga cikinsu bai tsira ba. Waɗanda ba a gayyata teburin kyaftin ba, su ne suka riƙe wa na sama haske.

Mu ma abin ya taɓa mu. A 1959 ma'aikatan jirgin Apapa 'yan Nijeriya suka ajiye aiki a Libaful, suna kukan ana wulakanta su saboda launin fatarsu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana wani jirgi dabam. A Ayyukan Manzanni sura 27, Bulus yana ɗaure ana kai shi Roma, hadiri ya tasam musu har kwana 14. Mutum 276 ne a ciki: jarumi da sojojinsa, mai jirgi, matuƙa, da 'yan sarƙa. Matuƙan suka so su sulale da ƙaramin jirgi su bar sauran. Bulus ya faɗa wa jarumin cewa in waɗannan suka tafi, sauran ba za su tsira ba. Sa'an nan ɗaurarren nan ya ɗauki gurasa, ya yi godiya ga Allah a gaban kowa, duka suka ci. Jirgin ya farfashe, amma ko rai ɗaya bai salwanta ba.

Ya ku 'yan'uwa, Ekklisiya jirgi ce. A sujadarmu ta Dogarawa akwai malamin jami'a daga Samaru, akwai ɗan kasuwa daga Sabon Gari, akwai manomi, akwai lebura, akwai gwauruwa mai sayar da ƙosai. Wa mu ke tashi mu ba kujerar gaba? Maganar wa a ke ji a taron dattawa? Wa ya share ɗakin sujada tun da asuba, mun kuwa san sunansa? In ɗan mai kuɗi ya yi laifi mu kan rufe, in 'yar talaka ce mu sa ta ƙarƙashin horo a gaban jama'a. Yakubu ya tsauta wa masu bi a kan wannan tara a sura ta 2 ta wasiƙarsa. Talakan da aka raina sau biyu ba ya dawowa na uku, mu ne kuwa za mu ba da lissafinsa.

A jiragen nan a kan buga ƙararrawa a tara fasinja duka, a koya musu sa rigar ceto. Rigar attajiri da ta ɗan makaranta iri ɗaya ce. Haka jinin Yesu Almasihu ya ke: farashi ɗaya aka biya domin kowannenmu. Saboda haka ran Lahadi mai zuwa, kafin ka nemi wurin zamanka, ka nemi wanda ba ka taɓa gaisarwa ba, ka tambayi sunansa, ka zauna kusa da shi. Ubangiji ya kai mu gaci tare. Amin.