Fasali a Kan Doki Mai Zafi, da Sanin Lokacin Jan Linzami da Lokacin Sakinsa

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa mai neman sani, akwai wata mas'ala wadda ta shafi malami da almajirinsa, da attajiri da yaron rumfarsa, da uba da ɗansa, da kowane mutum game da zuciyar da ke cikin ƙirjinsa. Ita ce: wanda aka halitta da zafin rai da yawan kuzari, shin zafin nan aibi ne da ya kamata a kashe, ko kuwa dukiya ce da ya kamata a tsare? Mun zaɓi mu yi bayaninta da misalin doki, domin doki ba ya munafunci, abin da aka shuka a jikinsa shi yake nunawa a fili.

Masu dawaki sun san akwai doki mai sanyi, wanda ba ya motsi sai an sa masa ƙaimi, akwai kuma mai zafi, wanda tun yana turke yake tonon ƙasa da kofato, yana haniniya, yana neman hanya. Ranar hawan salla a Kano ko Katsina ko Zariya, idan mahaya suka tashi yin jafi gaban sarki, suka sako dawaki a sukwane, sa'an nan suka yi zamiya, mai zafin ne yake fid da ubangijinsa kunya. Amma kuma shi ne dai yake ka da mahayi ya karya masa ƙashi. Ke nan amfaninsa da cutarwarsa daga rijiya guda suke fitowa, kuma wanda ya cike rijiyar don gudun cutarwar, ya rasa amfanin tare da ita.

Abu na farko da gwani yake yi idan doki ya faye tutsu shi ne binciken dalili kafin hukunci. Yakan duba abubuwa uku. Na ɗaya, abinci: cikin doki ƙarami ne bisa girman jikinsa, an halicce shi don ya yini yana cin ciyawa kaɗan kaɗan yana tafiya, to idan aka cika shi da gero da dawa, aka ɗaure shi kwana da kwanaki ba kilisa, ƙarfin da ya taru dole ya nemi mafita. Na biyu, ciwo: sirdin da ya ci masa baya, ko linzamin da ya ji masa rauni a dasashi, wurin nan da babu haƙora inda ƙarfe yake zama. Na uku, tsoro: idanun doki a gefen kansa suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, kuma ɗabi'arsa ce ya gudu tukuna sa'an nan ya duba abin da ya firgita shi. To, wanda ya ɗauki bulala bai duba waɗannan uku ba, ya hukunta dabba a kan laifin kansa.

Abu na biyu, doki yana koyo ne daga sassauci. Idan ka ja linzami ya tsaya, ka sassauta nan take, ya fahimci cewa tsayawa ita ce ƙofar hutu. Idan kuwa ya tsaya amma hannunka bai daina ja ba, me ya koya? Ya koyi cewa biyayya da tawaye ladansu ɗaya, sai bakinsa ya mutu, ya daina jin linzami, ko kuwa ya fara kokawa da shi. Mutum ba ya rinjayar doki da ƙarfin damtse, domin ingarma ya ninka mahayinsa nauyi sau biyar ko fiye. Saboda haka masu horo suke fita da shi daji, su bi da shi hanyoyin gonaki da kwari da tudu, da tafiyar sannu da sassarfa, tare da tsohon doki mai natsuwa a gaba. Idan ya ga rafi ya tirje, sai a bar shi ya sunkuya ya sansana ruwan, a sake nufar da shi, yau ƙafa ɗaya, gobe biyu, har ya ƙetare. Idan an juyo gida, ba a barinsa ya yi sukuwa, don kada ya saba da cewa hanyar barga wurin tsere ce. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu na uku shi ne tsallake shinge, kuma a nan hikimar ta fi bayyana. A ƙasashen Turai, har ƙarshen ƙarni na 19, mahaya sukan jingina baya su ja linzami yayin da doki yake cikin tsalle, suna zaton suna taimakonsa. Sai wani hafsan sojan dawaki na Italiya, mai suna Federiko Kaprilli, wanda aka haifa a 1868 ya rasu a 1907, ya tsaya yana lura da dawaki suna tsalle ba kowa a bayansu. Ya ga doki yana miƙa wuya gaba don ya daidaita nauyinsa, kuma da ƙafafun gaba yake sauka. Ya gane cewa jan linzami a wannan lokaci azaba ce ga bakinsa, ita take sa shi ƙin shinge. Sai ya gajarta igiyar likkafa, ya koya wa mahayi ya ɗaga daga sirdi ya karkata gaba, hannunsa ya bi bakin doki. Sojan Italiya suka karɓi wannan hanya, hafsoshin wasu ƙasashe suka zo suka koya, kuma a kanta masu tsalle da doki suke har yau. Ka lura: aikin mahayi shi ne ya kawo doki gaban shinge a miƙe, da gudu madaidaici. Da zarar ƙafafu sun bar ƙasa, sauran aikin na doki ne.

Ga wani labari tabbatacce. A ƙasar Cile, cikin Amurka ta Kudu, an yi wani doki da aka fara sa shi tsere, bai yi abin kirki ba saboda zafin kansa da rashin natsuwa. Daga baya ya koma hannun soja, aka gane baiwarsa a tsalle take, aka sa masa suna Waso. Ran 5 ga Fabrairu 1949, yana da shekara 16, Kyaftin Albarto Laragibel ya hau shi, a gwaji na uku ya tsallake shinge mai tsawon mita 2.47, wato ya ɗara dogon mutum da ya miƙa hannunsa sama. Har yanzu wannan ne tsalle mafi tsawo da aka tabbatar a hukumance. Zafin da ya sa aka raina shi a fagen tsere, shi ne ya ɗaga shi bisa shingen nan.

Idan wani ya ce: ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda aka sakar wa linzami ƙarshensa rami, sai mu ce masa: gaskiya ka faɗa, ba mu ce a jefar da linzami ba. Dokin da bai koyi tsayawa a kan hanya ba, kai shi gaban shinge ganganci ne. Amma duba maganar taka da kyau: tanƙwarawa aka ce, kuma mai tanƙwara icce yana jin iyakarsa a hannu, idan ya wuce ta sai iccen ya karye. Haka kuma masana jikin dabbobi sun tabbatar ƙasusuwan bayan doki ba su gama ƙwari sai wajen shekara 5 zuwa 6, wanda ya ɗora wa duƙushi aikin ingarma ya ɓata shi tun bai more shi ba. Idan kuma wani ya ce hali zanen dutse ne, horo ba ya sāke shi. Sai mu ce: zafin ne zanen dutse, amma inda zai nufa, wannan a hannun mai horo yake.

To, idan ka fahimci wannan, ya kai malami, yaron nan da ba ya iya zama wuri ɗaya, mai yawan tambaya, kafin ka ɗaga dorina duba abubuwa ukun nan: ko yunwa ce, ko ciwo, ko tsoro, sa'an nan ka duba ko karatun ne ya yi masa kaɗan. Idan ya gyara, nuna masa ka gani, domin wanda ake tsawata wa ko ya yi daidai ko bai yi ba, zuciyarsa mutuwa take yi kamar bakin dokin nan. Za ka sami shiru a zaurenka, amma shirun tsoro ne, ranar da ya fita daga ganinka babu abin da zai riƙe shi. Kai kuma attajiri, yaron da ka horar shekara da shekaru a rumfa, akwai ranar da za ka aike shi fatauci da dukiyarka inda idonka ba ya kaiwa. Wannan ita ce ranar shinge. Idan ka riƙe shi ƙam a kan kowane kwabo, ba zai taɓa koyon yanke shawara ba, idan kuwa ka sake shi tun bai san awo da lissafi ba, kai ka jefa shi.

Mafi wuyar duka shi ne dokin da ke cikin ƙirjinka. Masu horo sun haɗu a kan cewa ba a hukunta doki cikin fushi, domin yana jin halin mahayi ta hannu da cinya, idan ka firgita ya firgita, idan ka natsu ya natsu. Wanda bai iya riƙe kansa ba, linzamin da ke hannunsa makami ne a bakin wani. Fara da kanka: idan fushi ya taso, ja linzami har ya tsaya; idan kuwa aikin alheri ya zo wanda yake son ƙarfin zuciya, kamar faɗin gaskiya a kasuwa ko tsayawa bayan mai rauni, sakar masa ya tsallake.

Wannan shi ne abin da muka nufa a wannan fasali. Allah ya sa mu dace. Tammat.