Rufin Asiri Ko Rufa Ido?

Ɗan'uwa mai karatu, wata tsohuwar mota ta yi shekara biyu a bayan dangar gidana, daga ƙarshe kuma ta hana ni barci har kwana bakwai. Tambayar da ta fito daga ƙarƙashinta ita ce nake so in ajiye a gabanka, gama na sani kai ma kana da abin sayarwa, ko rago, ko amalanke, ko tiyar hatsi.

Waɗanda suka yi wayo a Damargu kafin 1990 za su tuna da annasara masu ƙetare hamada. Da sanyi ya shigo sai su fara ɓullowa daga arewa. Sun taso daga Faransa ko Jamus, sun bi ta Aljeriya, Tamanrasat, Asamaka, Arlit, Agadas, sa'an nan su sauko Tanut, fuska duk ƙura, Damagaram saura wajen kilomita 150. Da yawansu tsofaffin Peugeot 504 suke korowa, su sayar, su sami kuɗin jirgin komawa gida. Waɗansu kuwa motar ce ɗakinsu. Mu yara mukan leƙa ta taga mu ga gado, da kabad, da ɗan murhu, da rufin da ake ɗagawa sama kamar laima. Hanyar nan ta mutu a farkon shekarun 1990, sa'ad da tawaye ya tashi a arewacin ƙasarmu, rikici kuma ya ɓarke a Aljeriya a 1992. Annasara suka daina zuwa, amma motocinsu suna nan warwatse cikin garuruwanmu.

Tawa Volkswagen ce, irin wadda ake ce wa Kombi. An fara ƙera irinta a Jamus a 1950, ta ƙarshe kuma ta fito daga masana'anta a Barazil a watan Disamba na 2013. Injinta a baya yake, ba ya shan ruwa, iska ce ke sanyaya shi. Shi ya sa masu bin hamada suke sonta. Amma in yashi ya riƙe ta, direba ya yi ta taka mai, sai injin ya ɗauki zafi ya ƙone. Haka aka ce mini ta faru da wannan. Mai ita ya sayar da ita a kan hanya, ta bi hannu da hannu, aka cire gadon aka jera benci, ta yi shekaru tana kai 'yan kasuwa Bakin Birji da Belbeji. Da ta gaji aka tura ta gindin bango, kaji suka mai da ita akurki. Bayan girbin 2022 na saye ta a kan kuɗin raguna huɗu, domin ɗana ya koyi kanikanci a Damagaram, ya komo gida ba aiki. Uwargida ta zagaya ta sau ɗaya, ta ce, "To, ai kajin ma da ka biya kuɗinsu ka haɗa."

Sai mu san abokin gāba tukuna. Tsatsa ba ta faɗowa daga sama. In ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, shi kansa ne ke rikiɗewa ya zama jan garin nan. Gishiri kuwa yana sa abin ya yi sauri. A ƙasashen Turai ana watsa gishiri a kan hanya lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, saboda haka motocin da suka zo mana da ciwonsu suka zo, a ɓoye ta ƙasa. Ƙasarmu busasshiya ce, damina gajera, ƙarfe yakan daɗe a nan. Duk da haka inda laka ta maƙale, inda ruwan batir ya ɗiga, inda awaki suka yi ta fitsari suna neman inuwa, nan tsatsa take ci. Tana kumbura kuma. In ka ga fenti ya yi ƙuraje kamar fatar mai ƙyanda, ka sani aikin ya yi nisa a ƙarƙashi.

Maganinta ɗaya ne, ba shi da daɗi. A kankare har ƙarfe ya yi fari yana walƙiya. Inda ya huje a yanke a yar, a yi walda da sabon faranti. A shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, ya bushe, sa'an nan fentin ado ya hau. Haka muka yi rani biyu, ni da ɗana, da burushin waya da takardar yashi, hannuwanmu duk kanta. Muka yanke daɓen gaba, muka yanke ƙarƙashin ƙofar da ake ja, muka sāke mazaunin batir. Kayan injin daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano muka yi odarsu, gama an taɓa harhaɗa Volkswagen a Legas tun 1975, tsofaffin kayanta suna nan. Sai ga shi an rufe iyaka a 2023, muka zauna jira har watan Maris na 2024. Ranar da injin ya tashi, yaran unguwa suka yi ta ihu, ni ma na ji ƙwalla.

Niyyata in sayar da ita in yi wa 'yata kayan ɗaki, saura in saya wa ɗana kayan aiki. An riga an sa rana. Wani Alhaji mai jigilar 'yan kasuwa ya zo ya gani, ya taya, muka kusa daidaitawa.

Ana nan wata safiya ɗana ya shiga ƙarƙashi da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa. A gaban Kombi akwai bututu biyu na ƙarfe, ɗaya bisa ɗaya, an haɗa su da faranti a kowane gefe. Su ke riƙe da ƙafafun gaba. Laka da ruwa sukan shiga cikin farantin nan su zauna, ya ruɓe daga ciki, waje kuwa lafiya lau. Na ji ƙarar guduma, ƙwal, ƙwal, ƙwal, sai na ji ɓus. Ya yi shiru. Can ya ce, "Baba, zo ka gani." Kan gudumar ya shige ciki kamar an soki busasshiyar ƙwarya.

Kuɗi sun ƙare. Wani mai gyaran jikin mota da ke taimakonmu ya duba, ya yi dariya, ya ce, "Dattijo, wannan ai ba abin damuwa ba ne. A cika da mastik, a shafa baƙin mai, yaron nan ya zaga da ita cikin ƙura yini ɗaya. Ko wanda ya ƙera ta ba zai gane ba." Na ce masa ai ha'inci ke nan. Ya ce, "Ina ha'incin? Ka ce masa sabuwa ce? Shi bai san shekarunta ba? Kasuwa ce, mai saye ya buɗe idonsa. Kai da ka saya, wa ya gaya maka?"

Kada ka yi saurin tsine wa mutumin nan, ɗan'uwa. Maganarsa tana da ƙafafu, na kuwa kwana ina juya ta. Gaskiya ne ba kowane rufi ne mugunta ba. Muna yi wa ɗaki yaɓe, muna sa tufa, fentin ma aikinsa ke nan, ya rufe ƙarfe kada ruwa ya taɓa shi. Mu Hausawa kuma ba abin da muke roƙo kamar rufin asiri. Wanda ya ga maƙwabcinsa ya kwana ba a ɗora tukunya ba, ya aika da hatsi da dare bai gaya wa kowa ba, mutumin kirki ne. Wanda ke tona aibin mutane a dandali ba ma ce masa mai gaskiya, mai baki muke ce masa. To, in rufe aibi abin yabo ne a can, me ya mai da shi abin kunya a nan?

Abin da na gano a daren nan shi ne, sai a tambaya, wa zai ɗauki nauyin abin da aka rufe? Sa'ad da na rufa wa maƙwabcina asiri, ni ne na yi hasarar hatsi, shi ya tsira da mutuncinsa, ba wanda ya cutu don bai sani ba. In na cika ramin nan da mastik kuwa, kaina na rufa wa asiri, kuɗin rufin kuma daga aljihun wani za su fito, shi bai sani ba, bai yarda ba. Da bakinmu muna iya kiran su biyun da suna ɗaya, amma na farko kyauta ce, na biyun ɗaukar kayan mutum ne yana kallo.

Sai batun shiru. Mai gyaran ya ce ban faɗi ƙarya ba. I, harshena bai motsa ba. Amma baƙin man nan da ƙurar nan, don me za a sa su? Don su yi magana a madadina, su ce wa Alhaji wurin nan lafiya yake, ba a taɓa shi ba. Wanda ya ɗura wa rago ruwan kanwa da safiyar kasuwa don cikinsa ya tashi, shi ma bai ce kome ba. Wadda ta sa tsaba mai kyau a bakin buhu, ta bar mai tsakuwa a ƙasa, ita ma haka. Hannu yana ƙarya sarai, har ya fi baki iyawa, domin in an kama shi yana da wurin gudu. Maƙwabtanmu Musulmi ma malamansu suna koya musu cewa ɓoye aibin kaya haramun ne. Mu kuwa 'yan kaɗan ne a Damargu, kowa ya san gidajenmu. In ɗayanmu ya yi cinikin duhu, ba sunansa kaɗai za a kira a tasha ba.

Amma ina iyakar faɗin? Nan ma na tsaya. Motar ta fi ɗana shekaru nesa ba kusa ba. In zan lissafa kowane tabo, sai rana ta faɗi ban gama ba, ba kuwa mai hankalin da ke sayen tsohuwar mota yana zaton budurwa ce. Akwai wurare biyu a gefenta da muka sa mastik bayan mun kankare, don jiki ya yi sumul, ban ga laifin wannan ba. Duk mai maganaɗisun tsohon rediyo zai gane su, gama ba ya kama mastik. A ganina abin da ya wajaba a faɗa shi ne wanda ido ba ya kai wa, wanda kuma da mai saye ya sani da ya rage tayi ko ya fasa. In ka ji zuciyarka tana addu'a kada ya duba wani wuri, to, wurin nan ne za ka fara nuna masa.

Zancen cewa ni ma ba a gaya mini ba, ban daɗe a kansa ba. Mai yiwuwa wanda ya sayar mini bai sani ba. In ma ya sani, Alhaji bai ci mini kome ba da zan rama a kansa.

Da Alhaji ya komo na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motar, na ce ya tuɓe babbar riga. Ya kwanta, ya sa yatsa cikin ramin, ya fito yana kaɗe hannu. Ya rage kuɗin rago biyu daga tayinsa. Na yarda, na ji kamar an sauke mini dutse. Sai ya ƙara da cewa, "Ba kome, Malam. Za ta yi mini kaka ɗaya haka nan, in na sami sarari a gyara."

A nan na ga ashe ban gama ba. Ina tsammani tambayar tsakanina da mai saye ce kaɗai. Ga shi yanzu ya sani, ya yarda, ba wanda zai ce na cuce shi. Amma matan da za su hau da ƙwaryar nono, da tsohon da zai rungume akuyarsa a benci na baya, su fa? Ba su kwanta a tabarmar nan ba. Hanyoyin kasuwanninmu kuwa ka san su, rami da tudu da yashi, mota kuma ba ta tashi sai an cika ta har rufi. In farantin nan ya karye ana cikin gudu, ƙafar gaba ce za ta kauce. Wani ɗan'uwa a majami'a ya ce mini, "In ka faɗa, ka fita. Abin da ya yi da kayansa ruwansa." Na gane abin da yake nufi, mai sayar da wuƙa ba ya bin kowa gida. Sai dai mai wuƙa bai ji da kunnensa abin da za a yi da ita ba. Ni na ji.

Na ce wa Alhaji zan sayar masa, amma ba tare da ƙarfen nan ba. Za mu kwance shi, ya kawo wani, ɗana ya ɗaura masa kyauta. Ransa ya ɓaci. Ya ce bai taɓa ganin mai sayarwa yana kafa wa mai saye doka ba, ya sa rigarsa ya tafi. Mako uku ba labari. Uwargida ba ta ce mini kome ba, sai dai na ga ta kira 'yar ɗaki, suna rage lissafin kwanoni. Gadon da muka yi niyya ba a saya ba, aka yi wa na uwarta sabon fenti.

A mako na huɗu sai ga ƙarfen a bisa wata babbar mota daga Damagaram, tsoho ne amma lafiyayye. Ɗana ya bi shi da guduma daga wannan gefe zuwa wancan kafin ya taɓa sifana. Alhaji ya cire kuɗinsa daga cikin nawa, har da ladan dako, ban yi gardama ba. Ruɓaɓɓen muka kai wa maƙeri. Ya zaro siraran ƙarafan da ke cikin bututun, ya lanƙwasa ɗaya ya sake shi, ya ce waɗannan wuƙaƙe za su yi, ya ba mu biyu.